Da Larabci aka tambaye ta, me ya sa ba a gano ciwon Hajiya ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Surukata 'yar Sudan ce, ta dawo wajenmu daga Omdurman bayan yaƙi ya ɓarke a 2023, har yau Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ba ta barci, ko ƙofa aka buga sai ta zabura, kullum hannunta na dafe da ƙirji tana cewa ya cushe. Mun kai ta wani asibiti aka ce zuciyarta ƙalau. Sai aka ba mu wata takarda da Larabci mai suna PHQ-9, maigidana ya karanta mata, ta samu maki 5, aka ce babu ciwon damuwa. Tunda da yarenta aka tambaye ta, mu haƙura kenan?
Daga wata mai karatu, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri. Kada ku haƙura.

Takardar nan a Amurka aka tsara ta. Tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce, makinta daga 0 zuwa 27, kuma galibi daga 10 ake fara zargin ciwon damuwa. Aikinta tantancewa, likita ne ke yanke hukunci bayan ya zauna da mara lafiya. Kuma babu inda take tambaya kan mugun mafarki, ko zabura, ko cushewar ƙirji. Matar da ta baro gidanta cikin ƙarar bindiga, ai kan firgicin abin da idonta ya gani ya kamata a fara tambayar ta, wannan kuwa ma'auninsa daban.

Batun yare ma ba yadda kike zato ba ne. Yawancin irin waɗannan takardu da Fusha ake fassara su, Larabcin littafi da huɗuba. Dattijuwar Omdurman kuwa da Larabcin gida take faɗin ciwonta. Ko ta gane kalmomin, wata tambayar ba ta zauna a al'adarta ba. Akwai wani ma'aunin damuwa da fargaba na Ingila mai suna HADS, na 1983, da ke tambayar mutum ko yana jin kamar malam-buɗe-littafi na yawo a cikinsa. Bature ya san fargaba ake nufi. Ki karanta wa tsohuwa a Kurmi haka ki ga kallon da za ta yi miki, alhali da kin ce "gabanki yana faɗuwa?" nan take za ta amsa. Masana sun daɗe da lura cewa Larabawa da yawa da ƙuncin ƙirji da ciwon jiki suke bayyana damuwa, kamar yadda namu ke cewa abu ya tokare musu a ƙahon zuci.

Shi ya sa aikin bai tsaya ga fassara ba. Wani ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, masana su zauna su gyara, a gwada wa mutanen gari a ji me suka fahimta, sannan a auna sakamakon da binciken likita a ga ko iyakar makin ta dace da su. An yi wa HADS irin wannan gwaji a Saudiyya a 1987, an yi wa ma'aunin Edinburgh na damuwar masu jego a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1997. Amma abin da aka gwada a ƙasashen Gulf ba lallai ya yi daidai da 'yar Sudan ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ɗanta ne ya karanta mata. Tambaya ta tara cewa take ko mutum na jin gara ya mutu. Wace uwa ce za ta amsa wa ɗanta wannan, ga kunya, ga tsoron kada a ce imaninta ya yi rauni, ga shi tana zaune a gidansa ba ta son ta zama kaya? Alhamdulillahi za ta ce, shi kuma ya rubuta sifili da zuciya ɗaya.

Ku kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ku tafi da tafinta mace wadda ba 'yar gida ba. Waɗanda suka yi karatu a Sudan ba su da wuyar samu a Kano. Ku nemi a bar ta ta ba da labari da bakinta: me take kiran ciwon, me take ganin ya jawo shi. Addu'a da azkar ta ci gaba da su, ba sa hana magani. Idan kuwa ta daina cin abinci, ko ta fara maganar ta gaji da rayuwa, a ranar za ku kai ta, kada ku jira ranar asibiti.