Zan tafi Alkahira neman magani ni kaɗai, yaya zan kiyaye kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce daga Zariya. Likita ya ce sai an yi mini aikin cire ƙari a mahaifa, muka yanke shawarar a yi a Masar. Kuɗin da muka haɗa ba zai ɗauki mutum biyu ba, don haka maigida zai zauna da yara. Ban taɓa fita ƙasar waje ba. An haɗa ni da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu a can, ya ce in na sauka in damƙa masa fasfo da kuɗin, shi zai nemi masauki da asibiti, shi zai yi tafinta. Hankalina bai kwanta ba. Me za ki ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi aikin cikin nasara. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, kada ki bari a ce miki tsoro ne irin na mata.

Na daɗe ina shirya wa marasa lafiya tafiya Masar, kuma yawancin matan da na ga sun shiga tasku a can ba ɓarawon titi ne ya jefa su ba. Abin da ke faruwa shi ne mace ta tara komai nata a hannun mutum ɗaya: fasfo yana wurinsa, dala tana wurinsa, shi ya kama gidan, shi kaɗai ya san sunan likita, har layin wayar da take kira da shi da sunansa aka saya. Ranar da suka saɓa, ko ya kashe waya, ba ta san ko sunan unguwar da take kwana ba. Ban ce yaron nan mugu ba ne. Ɗaliban Azhar 'yan ƙasarmu da yawa da wannan hidimar suke rufa wa kansu asiri, kuma akwai masu amana ƙwarai a cikinsu. Amma mai amana ba ya buƙatar fasfonki. Idan otal ko asibiti sun nema, ke za ki miƙa da hannunki, su kwafa, su mayar miki nan take. Ki yi ciniki da shi tun kina gida: nawa ne ladan tafinta a rana, nawa ne na tarba. Kuɗin asibiti kuwa ki biya a wurin karɓar kuɗi na asibitin, a ba ki rasit mai sunanki. Wasu masu rakiya suna da kaso a wurin asibitocin da suke kai mutane, shi ya sa nake so ki san sunan asibitin da na likitan, ki aika musu takardun gwajinki, su rubuto miki ƙiyasin kuɗi, duk kafin ki sayi tikiti. In ya nuna ɓacin rai don kin ce haka, ya riga ya ba ki amsar da kike nema.

Tsaron kanki yana farawa tun daga filin jirgin Kano. Kada ki karɓi saƙon kowa, ko da kuwa ƙullin yaji ne aka ce na wata ɗaliba. Ki tsaya a kan kayanki har a auna, ki ƙirga takardun shaidar kaya da aka liƙa miki a tikiti: jaka biyu, takarda biyu. Ba mu manta da ɗalibar nan da ta tafi Umra a Disambar 2018 ba, wadda aka kama a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Masar ma ba ta wasa da wannan ƙwaya. A 2017 kotu ta yanke wa wata 'yar Ingila shekara uku saboda ta shigo da ƙwayoyin tramadol kusan 300 a jakarta. Ke da za ki tafi da magunguna, ki bar kowanne a kwalinsa, ki haɗa da takardar likita. Katin allurar shawara kuma ya kasance tare da fasfo, domin ana tambayar wanda ya fito daga Najeriya.

Da kin sauka, kafin ki fita daga ginin filin jirgin, ki sayi layin waya da fasfonki. Akwai rumfunan Vodafone da Orange da sauransu a nan ciki. Ki kira gida, ki tura musu lambar. Ki canza dala kaɗan a banki a nan, sauran kuma a banki ko shagon canji mai lasisi a cikin gari. Canjin bayan fage laifi ne a dokarsu, ribar da ke ciki ba ta kai wahalar ba. Kuɗin ki kasa su gida uku, kada su kwana a jaka ɗaya.

Masauki, a ganina, daren farko da na biyu ki yi su a otal, ko da ƙarami ne, wanda kika kama tun daga gida. Gidajen haya masu kayan ɗaki a unguwannin Madinat Nasr ko Dokki sun fi sauƙin kuɗi ga wadda za ta yi makonni, gaskiya ne, amma ki je ki gani da rana tukuna. Ki tambaya ko wani yana da makullin ƙofar bayan ke. Ki san mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab, ki riƙa gaishe shi, domin babu mai shiga ko fita bai gani ba, amma ba sai ya san ke kaɗai ce a ƙasar ba. Ga direba da mai shago da duk mai yawan tambaya, amsa ɗaya ce: 'yan'uwana suna jirana. Ki sa a rubuta miki adireshin da Larabci a takarda, ki ajiye a jikinki, saboda waya tana iya mutuwa.

Zirga-zirga kuwa, motocin da ake kira ta waya irin su Uber sun fi tasin da za ki tare a titi, don an san direba, an san kuɗi. Sai dai kada ki saki jiki gaba ɗaya. A farkon 2024 wata budurwa 'yar ƙasar ta faɗo daga irin wannan mota tana gudu saboda tsoron direban, ta rasu bayan makonni a asibiti, abin ya girgiza Masar. Ki zauna a baya, ki tura wa maigida hanyar da motar take bi ta cikin manhajar, ki duba lambar motar kafin ki shiga. Lambobin da Larabci suke, amma wannan ba zai ba ki wuya ba, su ne dai waɗanda kika saba gani a shafukan Alkur'ani tun kina Islamiyya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alkahira yana da taragun mata zalla a tsakiyarsa, akwai alama a dandamali inda suke tsayawa. Nan za ki shiga.

Maganar tsokana a titi, ba zan ɓoye miki ba, akwai ta, kuma hijabi ba ya hana ta gaba ɗaya. Wani lokaci har da maganar launin fata. Dokarsu ta haramta cin zarafin mata tun 2014, aka ƙara tsananta hukuncin a 2021. Wanda ya yi magana kawai, ki wuce abinki. Wanda ya biyo ki ko ya kai hannu, a nan kunyar da aka raine mu da ita ba ta da amfani. Ki ɗaga murya ki ce "Eib!", wato abin kunya, ko "Ihtirim nafsak!", ka kama mutuncinka, ki shige shago ko kantin magani mafi kusa, ko ki raɓi wata dattijuwa. Matan Masar ba sa raga wa irin waɗannan. Lambar 'yan sanda 122 ce, ta 'yan sandan baƙi 126, motar asibiti 123. Ofishin jakadancin Najeriya yana unguwar Zamalek. Ki nemi lambarsu tun kina gida, ki tuna kuma Juma'a da Asabar ne hutun mako a can.

Abin da ya fi damuna a tafiyarki shi ne ranar aikin kanta. Za a sa ki barci, za ki farka ba ki da ƙarfin ɗaga kofi, kuma kwana biyu ko uku ba za ki iya kare kanki ko kayanki ba. Wannan ba ranar da za a bar ki da namiji baƙo ba ce, komai kirkinsa. Ki nemi mace. Akwai ɗalibai mata 'yan Arewa da matan ɗalibai a Alkahira, ki sa a haɗa ki da ɗaya ta wata hanya dabam, ba ta hannun yaron nan ba, ki biya ta ladan jinya. Fasfo da kuɗi ki tambayi asibitin ko suna da ma'ajiya, a rubuta abin da kika ba su. Takardar amincewa da aiki kada ki sa mata hannu sai an ba ki ta Turanci, ko an karanta miki ita layi-layi, musamman wurin da ya faɗi abin da likita zai iya cirewa idan ya buɗe ya ga wani abu dabam. A aikin mahaifa wannan layin ba ƙaramin abu ba ne. Ki ce wa likitan ya yi magana da maigida ta waya kafin a shiga da ke, ya kuma kira shi da kansa bayan an fito.

Tikitin dawowa ki sayi wanda ake iya canza masa rana, don likita ne zai faɗi lokacin da jikinki zai iya ɗaukar zaman jirgi. Ki kuma duba kwanakin da aka ba ki a biza tun ranar da kika sauka, ki lissafa su da kwanakin jinya. In ba za su isa ba, asibitin ya ba ki takarda ki nemi ƙari tun ba su ƙare ba.