Ina neman wasiyyar kakanmu da ya rasu a Ingila: nawa zan kashe?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Kakana na wajen uwa ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya zauna a Libaful har Allah ya yi masa rasuwa a 1963. Mahaifiyata tana ƙarama ya tafi, abin da ya rage a hannunmu hoto ɗaya ne da wasiƙu biyu. Ina tattara tarihin gidanmu, sai wani ya ce zai samo mini wasiyyarsa idan na ba shi Naira dubu ɗari biyar. Haka abin yake da tsada?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan kaka. Riƙe kuɗinka tukuna, domin wannan aiki da wayarka za ka iya yin sa, ba sai da lauya ko ɗan tsakiya ba.

A dokar Ingila da Wales, da zarar kotu ta tabbatar da wasiyya, ta daina zama sirrin iyali. Kowa yana iya neman kwafi, ba a tambayarsa dangantakarsa da mamacin. Tun daga 12 ga Janairu 1858 rajista ɗaya ce ke riƙe da waɗannan takardu, kafin nan kuwa kotunan coci ne. Binciken suna a kundin sunayen mamata na wannan rajista kyauta ne, a shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk, sashen da suka kira Find a will. Kwafin ne ake biya. Da fam 10 ne, a 2019 aka sauko da shi zuwa fam 1.50, sannan a Nuwamba 2025 aka ɗaga shi zuwa fam 16. Ka duba farashin ranar da za ka biya, amma ko da tsadar canji bai kama ƙafar abin da mutumin nan ya nema ba. Takardar tana zuwa ta intanet cikin 'yan makonni. Wanda ya fi son gidan waya kuma akwai fom mai suna PA1S. Idan katin bankinka ya ƙi biyan kuɗin waje, ka nemi wani ɗan'uwa mai katin dala.

Inda za ka sha wuya shi ne suna. Magatakardan Turawa abin da kunnensu ya ji suke rubutawa. Muhammadu yana iya komawa Mohamed ko Mahomed, Garba ya zama Garuba, wani lokaci ma sunan uba ya dawo gaba. Ɗauko wasiƙun nan biyu ka dubi yadda shi kansa yake sa hannu da adireshin da ke saman takardar, su ne jagoranka. Kuma kundin yana bin shekarar da kotu ta ba da izinin kula da dukiyar mamaci ne, ba shekarar rasuwa ba, saboda haka idan ba ka gan shi a 1963 ba, leƙa 1964 da 1965.

Ka yi sa'ar shekara. Har zuwa 1967 kundin yana kawo sunan wanda aka damƙa wa dukiyar mamaci, bayan adireshi da ranar rasuwa da ƙimar abin da ya bari. Sau da yawa wannan layi uku ko huɗu na kyauta ya fi wasiyyar kanta amfani ga mai neman tarihi. Idan aka rubuta sunan wata mace a matsayin matarsa, ka ga ke nan akwai wani reshen gidanku a can da ba ku sani ba. Ka shirya wa wannan, ka kuma yi tunanin yadda za ka gaya wa Hajiya.

Yana yiwuwa kuma ka tarar babu komai. Leburan jirgi da ya rasu a ɗakin haya, bai bar gida ko kuɗi mai kauri a banki ba, galibi maganarsa ba ta zuwa kotu. Idan ya bar dukiya amma bai yi wasiyya ba, takardar izinin kula da dukiya kawai za a ba ka, mai ɗauke da sunan wanda ya karɓa. In duk babu, nemi takardar shaidar rasuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila, ita ma tana nuna wanda ya kai rahoton rasuwar.

Na san akwai tambayar da ba ka yi ba, ta gado. Kada ka sa rai. A can mutum yana iya ba wanda ya so dukiyarsa gaba ɗaya, babu iyakar sulusi irin ta shari'ar Musulunci, kuma wa'adin neman kaso daga dukiyar mamaci shekara 12 ne a mafi yawan lokuta. Yau an haura shekara 60. Duk wanda ya ce maka zai ƙwato dukiyar kaka idan ka fara biyan kuɗin takardu, ka nemi ya nuna maka shafin kundin da sunan yake, wanda kai ma za ka iya buɗewa kyauta.