Ɗan birin da ke rungume yatsa: za a iya kiwonsa a Kano?

Tambaya: Malam, na ga bidiyo a TikTok, wani ɗan mitsitsin biri ya rungume yatsan mutum. Da gaske akwai shi, ko aikin kwamfuta ne? In akwai, zan iya kiwonsa a gida nan Gwale? Yara sun hana ni sakat.

Amsa: Hajiya, akwai shi. Turawa na ce masa pigmi mamoset, kuma duk birran duniya babu wanda ya kai shi ƙanƙanta. Babbansa giram 100 ne da 'yan kai. Mazauninsa dazukan yammacin Amazon ne, a bakin koguna, a Burazil, Kolombiya, Ekwado, Peru da Bolibiya. Sai dai wanda ake nunawa a yatsa yawanci jariri ne, don babba yakan cika tafin hannu.

Batun kiwo kuwa, a'a. Cimarsa ƙaro ce. Yakan kafa faratansa masu lanƙwasa a jikin bishiya, ya sa haƙoransa na ƙasa ya ƙwaƙule ɓawon, ya tafi abinsa, in ƙaron ya tsattsafo ya dawo ya lashe. Bishiya ɗaya sai ki ga ɗaruruwan ramuka a jikinta. Yana haɗawa da ƙwari. Za ki ce ai ƙaro na nan jibge a kasuwar Kurmi, kuma gaskiya gidajen zu na ba su irinsa, amma da ma'auni ake yi, likitan dabbobi na lura. Ayaba da madara ba za su riƙe shi ba.

Sannan ba ya zaman kaɗaici. Uwar takan haifi tagwaye, uban da yayye su yi ta goyo, ita kuma ta karɓa in lokacin shayarwa ya yi. Duk jaririn da aka kawo kasuwa, daga wannan gida aka fizgo shi. Wannan fataucin da sare daji su suka sa ƙungiyar IUCN mai kare halittu da muhalli a duniya ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ta hana a ƙetara da shi iyaka ba takardar izini.

Ko ya iso ma, dabbar da ta saba da laimar daji ina za ta iya da bushewar hunturun Kano? Ga kuma ƙwayar cutar nan mai feso wa mutum ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi: mu kwana kaɗan ta wuce, shi kuwa tana iya kashe shi, kuma sumbata ɗaya daga yaro ta isa.

Ki kai yaran gidan zu na Audu Bako su ga birrai su more.