Mece ce ma'anar GVWR da GAWR a jikin ƙofar mota?

Tambaya: Malam, na sayi Sienna 'yar Amurka don jigilar fasinja. A jikin ƙarfen ƙofar direba akwai sitika mai ɗauke da GVWR da GAWR da wasu lambobi. Nauyin motar ke nan?

Amsa: A'a Alhaji, ba nauyinta ba ne, iyakarta ce. Hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗurran mota a Amurka ce ta wajabta wannan sitika, kuma kowace kalma da fassararta a dokarsu.

GVWR shi ne nauyin da kamfani ya ce kada mota ta wuce bayan an gama lodi: ita kanta, da mai, da direba, da fasinja, da kaya. Doka ba ta bar kamfani ya rubuta abin da ya ga dama ba. Dole lambar ta kai nauyin motar babu kowa a ciki, a haɗa da kayan da aka ƙayyade mata, a ƙara kilo 68 kan kowace kujera. Mai kujera takwas ke nan an ware wa mutanenta kilo 544. To ka dubi fasinjojinka a tasha, nawa ne ba su haura kilo 68 ba? In ka matsa mutum biyu a gaba, ka ci daga rabon kaya.

GAWR kuwa nan direbobi ke yin kuskure. Shi ne abin da ƙafafun gaba ko na baya za su iya ɗauka, kowanne da lambarsa, ana auna shi a inda taya ta taɓa ƙasa. Sai ka jibge buhu huɗu na shinkafa a but, kilo 200, jimilla ba ta kai GVWR ba, amma baya ya riga ya yi obalodi. Za ka ga gindin motar ya zauna, fitila tana haska sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Tayar baya ce ke ɗaukar zafi har ta fashe.

Nauyin motar kanta daban ne. Amurka na lissafa shi da cikakken tanki babu direba, Turai kuwa suna haɗawa da direba mai kilo 75, shi ya sa takardun motar Beljiyam kan saɓa da na 'yar Amurka.

Don aikin kullum, nemi ɗaya sitikar mai nuna iskar taya, tana nan kusa. Ta rubuta jimillar kilon mutane da kaya da aka yarda ka ɗauka. Da ita za ka yi lodi.