Gajeren wando ko dogo: wanne ne asalin kayan 'yan sikawut?

Tambaya: Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma ni ke kula da 'yan sikawut ɗinmu. A tsofaffin hotuna kowa gajeren wando ne da doguwar safa, har da manya masu furfura. Yanzu iyaye sun ce ba su yarda 'ya'yansu su fita cinya a waje ba, wani tsohon ɗan sikawut kuma ya ce mini duk wanda ya sa dogon wando ya saki layi. Daga ina gajeren wandon ya samo asali, kuma idan dogo za mu ɗinka, yaya za mu yi?

Amsa: Malam, dattijon nan yana da gaskiya cewa da gajeren wando aka faro. Amma dogon wando ba sakin layi ba ne, domin Birtaniya, ƙasar da ta haifi sikawut, ita ma ta koma kansa tun 1967.

Ƙungiyar yara maza da ta riga sikawut ma ba ta ce komai a kan wando ba. William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a birnin Glasgow a 1883, kuma kayansu a shekarun farko hula ce, da bel, da farar jaka ta ratayawa, a ɗora a kan tufafin da yaro ya zo da su daga gida. Hakan ya sa ɗan talaka ma ya iya shiga. Haka nan sansanin gwaji da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agusta na 1907, yara kusan 20 da ya tara ba su da kayan bai-ɗaya. Sai a 1908, da littafinsa Scouting for Boys ya fito, ya zayyana abin da ɗan sikawut zai sa: malafa mai faɗi, riga, ƙyallen wuya, gajeren wando da doguwar safa.

Baden-Powell soja ne da ya yi aiki a Indiya, da ƙasar Ashanti (a Ghana ta yau), da Afirka ta Kudu, inda ya shirya wata rundunar 'yan sanda a 1900. Daga kayan rundunar nan ya ɗauko malafar da rigar kaki. Gajeren wando kuwa dalilan aiki ya ba shi: yana sakin ƙafa wajen hawa da tafiya, iska na shiga, ya fi araha, kuma in ƙasa ta jiƙe sai yaro ya tuɓe safa ya ratsa ciyawa, babu abin da zai jiƙe masa. Akwai kuma dalilin da bai buƙaci faɗa ba. A Ingila ta lokacin, yaro kan zauna da gajeren wando har ya kai shekara 13 ko 14, dogon wando alamar an girma ce. Don haka uwa ba ta sayi sabon abu ba, wanda ke jikinsa shi ne.

Amurkawa ba su bi ba. Da aka kafa ƙungiyarsu a 1910, kayan sojan ƙasarsu suka kwaikwaya: kwat mai maɓallai, da wando irin na mahaya doki, mai faɗi a cinya, tsukakke a ƙasan gwiwa, sannan a naɗe ƙwauri da kambas. Yaran Amurka na ganin gajeren wando abin kunya ne a cikin gari, sai dai a sansani lokacin zafi. A shekarun 1940 dogon wando miƙaƙƙe ya maye gurbin tsukakken. A 1980 mai zayyana tufafi Oscar de la Renta ya fitar musu da riga ruwan ƙasa da wando kore, dogo ko gajere. Daga baya suka kawo mai zif a ƙafa, wanda ake cire ƙasansa ya koma gajere.

A Birtaniya abin ya fi zafi. Zuwa shekarun 1960 ƙananan yara ma sun fara sa dogon wando a gida, sai ga saurayi ɗan shekara 15 ana tilasta masa ya ratsa unguwa gwiwa a waje cikin hunturu, abokai na yi masa dariya. Manyan yara suka riƙa zamewa. Kwamitin da shugaban sikawut na ƙasar, Charles Maclean, ya kafa ya fitar da rahotonsa a 1966, aka fara aiki da shi a 1967: dogon wando ya zama na doka ga 'yan sikawut, aka ajiye malafa, ƙananan yara kaɗai aka bari da gajere. Wasu ba su ji daɗin wannan da sauran sauye-sauyen ba, har suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar a 1970, mai riƙe da tsohon tsari. A ganinmu kwamitin ya yi daidai, domin kayan da yaro ke jin kunyar fita da su korarsa suke yi daga ƙungiya.

Sikawut ya shigo Nijeriya a 1915 da kayan Ingila, kuma gajeren kaki ya dace da zafinmu, shi ya sa ya daɗe a hotunan makarantu. Sai dai damuwar iyaye tana da tushe: al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa take, kuma wandon da ya tsaya a saman gwiwa, da yaro ya zauna ko ya tsuguna sai ya janye. Ga kuma sauro da yamma, da ƙaya, da sanyin asubar hunturu. Inda dogon ke da wahala shi ne damina da dajin ƙarangiya. Raɓa kan jiƙa shi har gwiwa ya yi nauyi, ƙarangiya kuma ta manne masa cunkus, yaro ya zauna yana tsinta ɗaya bayan ɗaya tana sukar yatsa. Maganinta a cusa bakin wandon cikin safa kafin a shiga, a kuma zaɓi yadi mai santsin fuska.

Kafin a je kasuwa, a nemi izinin ofishin sikawut na jiha a kan launi da salo, kada a ɗinka wa yara 40 kaya a zo fareti a ce ba su ba ne.

Yadi: kaki na auduga mai kauri, ko gaurayen auduga da roba wanda audugarsa ta fi yawa. A guji roba zalla. Yana riƙe zufa, kuma tartsatsin wutar sansani kan narkar da shi ya manne wa fata. Yaro mai shekara 11 zuwa 14 yana cin kamar yadi ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi idan faɗin yadin inci 60 ne, gajere kuwa bai kai yadi ɗaya ba. A saya daga bandir guda, don launin kaki kan bambanta daga bandir zuwa bandir, kuma sai an jeru a layi abin ke fitowa. A jiƙa yadin a shanya kafin tela ya yanka. Auduga na tsukewa a wankin farko, wandon da aka yanka ba a jiƙa ba sai ya ɗage saman idon sawu.

Wajen awo, hantsa ce abin lura, a nan wando ke fara yagewa. Telan da ya saba da wandon ofis yakan matse ta, yaro ya tsuguna hura wuta ka ji ɓarak. A bar mata sarari, a yi mata ɗinki biyu. A ɗinka guda ɗaya na gwaji tukuna, yaro ya sa, ya tsuguna, ya ɗora ƙafa a kan benci. In ƙugu ya zame ta baya ko cinya ta ɗaure, a ƙara. Kalmasar ƙafa a naɗe inci biyu a ciki, a ƙugu ta baya a bar inci ɗaya da rabi, yaro na girma a warware. Madaukan bel su kai guda shida ko bakwai, faɗinsu ya ɗauki bel ɗin sikawut, in ba haka ba wandon kan lanƙwashe a baya saboda nauyin igiya da butar ruwa. Aljihun cinya a yi masa murfi da maɓalli, kada ya sauko kan gwiwa yana dukanta a tafiya. A ninka yadi a gwiwa.

Mai zif a ƙafa ba mu ba da shawararsa ga makaranta. Ƙura na cinye zif ɗin, yara na ɓatar da ƙafa ɗaya, kuma saman kan koɗe ya bar ƙasan da ba a cika wankewa ba, wando ya zama launi biyu. Idan ana son na wasanni da aikin ruwa, a ɗinka na daban wanda ya sauka inci uku ƙasa da gwiwa, a gwada shi yaro na zaune, ba a tsaye ba.