Tambayoyinku ga Likita: Tsokar da Ba Ta Jiran Umarni

Tambaya: Likita, ina shan amlodipine saboda hawan jini, ga shi ƙafafuna sun fara kumbura. Ko maganin ya taɓa ƙoda ne? (Dattijo daga Funtuwa)

Amsa: Baba, sau da yawa ba ƙoda ba ce. A bangon jijiyoyin jini akwai wata tsoka da ba ma iya motsa ta da gangan, irinta ce kuma a hanji da mahaifa da hanyoyin iskar huhu. Kafin ta tsuke, sai kalsiyam ya shiga ƙwayoyin halittarta ya manne wa wani furotin mai suna kalmodulin, su biyun su tayar da wani enzayim (furotin mai hanzarta ayyukan sinadarai a jiki) da ke ɗora wani sinadari mai suna fosfet a kan furotin mayosin, wanda da zarar fosfet ya hau kansa yake kama zaren aktin ya ja, jijiya ta ƙuntata. Amlodipine yana toshe ƙofofin da kalsiyam ke bi, sai jijiya ta saki, jini ya sauka. Sai dai ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun fi masu mayar da shi buɗewa, shi ya sa ruwa ke taruwa a idon sawu, musamman da yamma. Kada ku daina sha da kanku. Ku koma asibiti a duba ƙoda da zuciya, sannan a daidaita maganin.

Tambaya: Me ya sa hannuna ke rawa idan na shaƙi salbutamol na asma? (Ɗaliba daga Maraɗi)

Amsa: Malama, maganin yana rage kalsiyam a tsokar hanyoyin iska, yana kuma raunana enzayim ɗin nan mai ɗora fosfet, shi ya sa numfashi ke buɗewa cikin 'yan mintuna. Yana ɗan taɓa tsokar hannu ma, amma rawar takan wuce.

Tambaya: An ba ni ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe saboda ciwon ƙirji. Zan iya haɗa ta da maganin ƙarfin maza? (Magidanci daga Kano)

Amsa: Malam, a'a, kuma ina roƙonka ka riƙe wannan da gaske. Ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, wato nitroglycerin, tana sakin iskar naitrik oksaid, wadda gano aikinta a jijiyoyi ya sa Furchgott da Ignarro da Murad suka sami kyautar Nobel a 1998. Iskar tana ƙara wani sinadari, cGMP, mai ƙarfafa enzayim ɗin da ke cire fosfet daga mayosin, tsoka ta saki. Shi kuma sildenafil, wato Viagra, yana hana jiki rusa wannan sinadari. Idan suka haɗu, jijiyoyi sukan buɗe fiye da kima, jini ya faɗi warwas, mutum ya suma, wani lokaci ma rai ya salwanta. Ka kiyayi haɗe-haɗen da ake tallatawa a tasha da kasuwa, domin an sha samun sildenafil a ɓoye cikin irinsu. Idan ka riga ka sha sildenafil a cikin awa 24 sannan ciwon ƙirji ya taso, kada ka sa ƙwayar nitroglycerin ɗin. A garzaya da kai asibiti, ka gaya wa likita abin da ka sha ba tare da jin kunya ba.