Hukuncin Ɓoye Tabon Dutse Mai Daraja da Jiƙa Zumurrudu a Mai

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai yankan duwatsu masu daraja ne a Jos. Ina sayen ɗanyen dutse, kamar safaya ta Mambila da tomalin da zumurrudu, in yanka in goge, maƙeri ya ɗora a kan zobe ko sarƙa. Da wuya a sami dutsen da ba shi da tabo ko tsaga a ciki. Wani lokaci nakan bar tabon a fili, domin masu ƙirar kayan ado na yanzu suna son sa. Wani lokaci kuma nakan juya yankan yadda tabon zai koma gefe, farcen zobe, wato ɗan ƙarfen da yake riƙe dutsen a jikin zobe, ya rufe shi. Zumurrudu kuwa ina jiƙa shi a mai kamar yadda kowa yake yi. Ba na faɗa wa mai saye sai in ya tambaya, amma ina rubuta wa a rasit cewa kaya yadda ka gan su ne, ba a dawowa da su. Wani ya ce mini wannan rubutun ya wanke ni a shari'a. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Yankan dutse da goge shi da sayar da shi halal ne ba tare da saɓani ba, kuma haramcin algus ba ya buƙatar a karanto maka hujja. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne faɗinka "sai in ya tambaya", tare da cewa kai ne ka yanka dutsen da hannunka, ka haska shi da tocila, ka san inda kowace tsaga ta kwanta. Hukuncinka ya bambanta da na dillalin da aka miƙa wa dutse a takarda bai san cikinsa ba.

Ba kowane tabo ne aibi ba a ma'aunin fiƙihu. Aibi shi ne abin da yake rage darajar kaya ko amfaninsu a wurin masana sana'ar, kuma al'adar kasuwa ce take tantance shi. Siraran zarurrukan da suke cikin wata safaya, idan aka yi mata yanka mai doro kamar bayan kunkuru, su ne suke fitar da tauraro mai ƙafa shida a samanta, kuma saboda su ake ƙara mata kuɗi. Haka daimon mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, wanda a da ake rainawa, yanzu akwai masu neman sa da gangan. Idan ka bar irin wannan a fili, mai saye ya gani ya yarda, cinikinku ya inganta ko da ka tsawwala kuɗi. Sharaɗi ɗaya ne: kada tsagar da ta kai fuskar dutse, wadda za ta iya fasa shi idan ya bugi wani abu, ka kira ta ado.

Juya yanka domin tabo ya kauce daga tsakiyar dutse gwaninta ce, kuma babu laifi a cikinta, kamar yadda tela yake kai lahanin yadi cikin lanƙwasa. Laifin yana farawa ne ranar ciniki, lokacin da farcen zinariya ya rufe abin da ka sani, mai saye kuma ba shi da hanyar gani sai ya ɓalle zoben. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa bai halatta mutum ya ɓoye wani abu na hajarsa ba wanda da ya ambace shi mai saye zai ƙi ta, ko ambatonsa zai rage mata kuɗi. Ka auna kanka da wannan ma'auni: idan dalilin shirunka shi ne tsoron kada farashi ya sauka, to abin da ka yi shiru a kansa shi ne ainihin abin da aka wajabta maka faɗa.

Man zumurrudu ya fi wannan nauyi. Man yana shiga tsagar ne ya cike ta, haske ya ratsa kamar babu komai, ido ya ga dutse garau. Amma ba ya dawwama: zafi da ruwan wanki da tsawon zamani suna fitar da shi, sai matar da ta saya ta wayi gari ta ga tsagogin da ba ta gani ba ranar da ta biya. Mafi kusan misalinsa a hadisi shi ne dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma ba mai saye zaɓin riƙewa ko mayarwa tare da sa'i ɗaya na dabino. Sa man kansa ba haramun ba ne, ɓoye shi ne haramun. Cewa kowa yana yi tana iya zama uzuri tsakaninka da ɗan kasuwar duwatsu na Bankok a Tailan ko Jaifur a Indiya wanda ya san cewa galibin zumurrudu yana shan mai, ko da yake shi ma yana da haƙƙin sanin yawansa. Ba ta zama uzuri a kan amaryar da ba ta taɓa jin labarin ba. Yakutun da ake cike tsagoginsa da gilashi mai dalma ya fi muni, domin ko ruwan lemun tsami yana iya ɓata shi, kuma tazarar kuɗinsa da na yakutu na asali mai nisa ce. Gasa safaya da wuta domin gyara launinta yana dawwama, amma tunda wadda ba a gasa ba ta fi tsada, shi ma a faɗa.

Yanzu sai maganar rasit. Wanda ya ba ka fatawa yana nuni ne ga abin da malamai suke kira cinikin barranta, wato mai sayarwa ya sharɗanta cewa ya kuɓuta daga kowane aibi. Gaskiya ne Hanafawa sun inganta wannan sharaɗi a dunƙule, amma jingina da shi a halinka kuskure ne ta fuskoki da dama. Su Hanafawan da kansu suna magana ne a kan ko alƙali zai mayar da kaya ko ba zai mayar ba, ba su ce ɓoye aibin da ka sani ya zama halal ba, kuma kai tambayarka a kan wankuwa ce a wurin Allah. Sannan mashhurin mazhabar Malik, wadda a kanta mutanen ƙasarmu suka tashi, bai karɓi barranta a irin waɗannan kaya ba, kuma ko inda ya karɓe ta ya taƙaita ta ga aibin da mai sayarwa bai sani ba. Asalin mas'alar yana cikin Muwaɗɗa: Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin barranta, mai saye ya sami cuta a jikinsa, aka kai ƙara wurin Usman ɗan Affan, sai Usman ya hukunta cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. Da sharaɗin shi kaɗai yana wankewa, da Usman bai nemi rantsuwa a kan sani ba. To kai, za ka iya rantsuwa cewa ba ka san tsagar da ka juya da hannunka ba? Bayan haka, yarda ba ta tabbata a kan abin da mutum bai sani ba, kuma "yadda ka gan su" magana ce da take nuni ga gani, alhali kai ne ka hana ganin. Shi ya sa Khalil ya ce a Mukhtasar idan mai sayarwa ya san aibi sai ya bayyana shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Don haka rubutun rasit ɗinka bai ɗauke maka zunubi ba, bai kuma soke zaɓin mai saye na dawo da kaya ba.

Abin yi mai sauƙi ne. Ka nuna dutsen kafin a ɗora shi, ko ka ɗauki hotonsa tsirara ka ajiye, ka rubuta a rasit sunan dutse da nauyinsa da inda tabon yake da abin da aka yi masa. Waɗanda ka riga ka sayar wa, duk wanda kake iya samu ka sanar da shi ka ba shi zaɓi, wanda ya ɓace maka kuma ka ƙiyasta bambancin kuɗin ka yi sadaka da shi a madadinsa, tare da tuba.

Akwai abubuwan da ba ka tambaya ba amma sana'arka za ta kai ka gare su. Idan ka sayi ɗanyen dutse daga mahaƙa, tsagar da ba ta bayyana sai bayan yanka ba ta ba ka damar mayarwa, domin Malikawa sun ce aibin da ba a gane shi sai an canza kaya, kamar ɓarnar da ƙwaro ya yi cikin katako, ba a mayar da ciniki saboda shi. Kada kuma ka ci jahilcin mahaƙin ƙauye da ya amince maka ya ce ka saya yadda ake saye. Idan dutsen wani aka kawo maka yanka ya fashe a kan tsagarsa ba da sakacinka ba, babu lamuni a kanka, domin an keɓe ayyuka masu haɗari kamar huda lu'ulu'u da sassaƙa dutsen zobe daga lamunin masu sana'a, amma ka gargaɗi mai shi tun kafin ka ɗora a kan injin. Zoben zinariya mai dutse ba a musanya shi da zinariya sai an raba dutse daban an auna, saboda hadisin sarƙar Fadala ɗan Ubaid ta ranar Khaibar, kuma idan da naira ne a biya hannu da hannu. Kada ka ƙera wa namiji zoben zinariya. Kuma ka tsare harshenka daga tallan da ake yi cewa tauraron cikin dutse yana jawo arziki ko yana kare baki, domin wannan ya taɓa aƙida, kuma ya fi duk abin da ka tambaya haɗari.

Wallahu a'alam.